Bakano, Gemu Ba Ya Taka Birki

Bakano, Alhajin Kantin Kwari, bawan Zage-zagi na har abada. Ina gajiya? Ya gwiwa? Kasuwa ban tambaya ba, na san tana lafiya tunda yara ne a shagon. Gwiwar nake tambaya, wadda ka ce wa iyalinka sanyin ƙashi ne ya kama ta. Ni kuwa ina tsaye lokacin da sanyin ya kama ta, da rana tsaka, a gindin darbejiya. Ka roƙe ni don Allah kada in faɗa wa kowa, na yi maka alkawari, kuma na cika. Ban faɗa ba. Rubutawa na yi.

Saboda masu karatu, bari in koma inda abin ya samo asali. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu. Kowa ya ji a jikinsa, amma Bakano ya fi kowa ji, domin shi ransa a aljihu yake kwana. Ka daure, ka daure, daga ƙarshe ka lulluɓe motar da tamfol ka ce wa maƙwabta injin ne yake hutawa, ka je ka sayo babur Boxer sabo dal. Hoton da ka turo mini a WhatsApp yana nan ban goge ba. Ledar kamfani na nan a kan kujera, kwali na nan a jikin tanki, madubai biyu kuwa ka sa an kwance an kai ɗaki, wai kada su fashe darajar babur ta faɗi ranar da za a sayar. Tun ranar saye kana lissafin ranar sayarwa.

Ni ma wahalar ta biyo ta ƙofar gidana, na sayi nawa. Sai dai mu a Zazzau in za mu yi abu malami muke nema. Da na gaya maka na yi rajista a wata makarantar koyon tuƙi da ke ba sababbin mahaya babur horon kwana uku, dariyar da ka yi sai da kuɗin wayarka suka ƙare, kuma na san wannan ya fi komai yi maka ciwo. Ka ce, "Babur ake zuwa wa makaranta? Ku Zage-zagi ko atishawa za ku yi sai kun nemi satifiket. Autana ɗan shekara goma sha biyu da yamma ɗaya ya koya a bayan layi." Na ce maka doka ba ta ba da lasisin babur, wanda ake kira rukunin A, sai mutum ya kai shekara 18. Ka ce ashe ma babur yana da lasisi?

Ka ƙara da cewa kai tun zamanin Babangida kake kan babur. Gaskiya ne, ina da shaida. Abin da ka manta ka faɗa shi ne yawancin hawan a baya ka yi shi, kana rungume da ƙugun ɗan acaɓa. Shi ma wannan ya yanke tun Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Allah ya jiƙansa. Daga nan kuka koma cikin Adaidaita Sahu, mai ƙafa uku, wanda ko an sake shi a tsaye ba ya faɗuwa. Da wannan tarihin ka ɗare kan abu mai ƙafa biyu kana cewa gwani ne kai.

Ba a yi sati biyu ba labari ya iso Zariya, domin labarin Bakano ba ya jiran mota. Ɗaurin aure za ka, ka ci ado da shadda, babbar riga mai aiki har ƙasa, ka ɗora hula ka karya ta, ka hau. Iska ta ɗebi gefen rigar ta miƙa wa tayar baya, taya ta karɓa da hannu biyu. Waɗanda suka gani sun ce ba faɗuwa ka yi ba, zare ka aka yi daga cikin rigar kamar yadda ake zare takobi daga kube. A gaban surukai. Sun ce da ka miƙe ba gwiwar hannunka da ke jini ka duba ba, shaddar ka ɗaga kana salati kana faɗin kuɗin yadi. Kuma ka san abin da ya rufa maka asiri a ranar? Zariya. Kun daɗe kuna yi mana tsiya wai sunan garinmu igiyar wando ne. To da zariyar ba ta riƙe ba, da yanzu wani labarin ake yi a unguwarku.

Sai ga ka ranar Alhamis ka sauka a Kwangila daga motar haya, wai zumunci ka zo. Zumuncin da ba ka yi ba shekara huɗu. Da gari ya waye ka ce bari ka raka ni makarantar ka ga yadda ake cutar Zage-zagi. Muna isa ka ja malamin gefe, na ji kana cewa, "Nawa ne gaskiya?" Ya faɗa maka. Ka ce albarka dai, a duba. Ya ce ba atamfa yake sayarwa ba. Ka ce to tunda kai ka riga ka iya, rabin karatu za ka ɗauka, sai a yi maka rabin kuɗi. Sai da na cika maka ragowar don kada ka kunyata ni a garinmu.

Ba laifinka ba ne, rabo ne. Masu tsara ƙasar nan sun san halin kowa. Zariya aka ba Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka ƙara mana kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964, aka kawo cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa a 1986. Ku kuwa tun 1959 aka duba yadda kuke tafiya a titi, aka gina muku asibitin ƙashi a Dala. Na san za ka ce kuna da Jami'ar Bayero. Kuna da ita, kuma kafin ta tsaya da ƙafarta reshen tamu ce.

Malamin namu dattijo ne, siriri, ba ya ɗaga murya, ya yi shekaru yana aikin titi kafin ya yi ritaya. Ya ce mana gawar da ya kwasa a bakin hanya ta fi gashin gemunsa yawa, don haka shi ba ya gaggawa. Mu goma sha ɗaya ne a filin wata makaranta: samari 'yan kai saƙo, malamin firamare, wani mai sayar da maganin dabbobi, ni, kai, sai wata Malama ma'aikaciyar jinya da ta zo da roba-robarta. Da ka gan ta ka taɓo ni ka ce yau za a sha kallo. An kuwa sha.

Awa biyun farko ko injin ba a tayar ba. Ya sa muka zagaya babur kamar masu tayin saniya. A matsa taya a ji iska, a duba ko ta suɗe. A ja birkin hannu, a taka na ƙafa. A duba bakin mai. A taɓa sarƙa a ga ba ta yi sako-sako ba kuma ba ta ɗaure tamau ba. A kunna fitila da sigina, a daidaita madubi. Ya tambaya wa ke da madubi a babur ɗinsa na gida. Ka ɗaga hannu da ƙarfi. Ya ce a ina yake? Ka ce a cikin durowa. Ya ce, "To Alhaji, durowar ce za ta riƙa ganin tirelar da ke bayanka." Daga nan ya sa kowa ya tura babur da ƙafa ya zagaya fili, a ji nauyinsa, a san ta inda yake rinjaya. Kana turawa kana ƙunƙuni, wai ka biya kuɗi an mayar da kai ɗan dako.

Da aka zo kan kuloci na fara gane abin da na biya wa kuɗi. Ashe akwai wani ɗan wuri tsakanin riƙewa da sakewa, inda injin ke fara kama taya. Duk sirrin tashi da tafiyar sannu a nan yake. Malamin ya ce a saki kuloci kamar yadda ake sauke jariri mai barci. Kai kuwa ka sake shi kamar yadda ake sakin bashin da aka fid da rai, ka murza totur, babur ya ɗaga ƙafar gaba ya yi haniniya ya tafi ya bar ka a tsaye da hannuwa a buɗe. Don adalci, ni ma ban tsira ba. Sau takwas injin yana mutu mini, sau ɗaya kuma na sauka ban sauke ƙafar da ake jingine shi a kanta ba, muka kwanta tare. Na faɗa da bakina tun kafin ka rubuto.

Sai gasar da ta tona asiri. Aka ja layi biyu da toka, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, aka ce wanda ya fi kowa daɗewa kafin ya kai ƙarshe, bai sa ƙafa a ƙasa ba, bai fita layi ba, shi ya ci. Ka ce wannan wace irin tsere ce ta malalata? Malamin ya ce gudu kowa ya iya, domin babur in yana gudu shi yake riƙe kansa. A tafiyar sannu ne mahayi ke riƙe babur, kuma rabin rayuwar mai babur a cikin gari a cunkoso take. A ɗan riƙe totur, a yi wasa da kuloci, a ɗan taɓa birkin baya, ido a gaba. Kai ne ka fara isa, kana ɗaga hannu kana jiran tafi. Malamar nan kuwa ta taho kamar hawainiya, ko girgiza ba ta yi ba, ta ninka lokacin kowa. Ta ce a Maraɗi ta girma, inda mace a kan babur ba abin juyowa a kalla ba ne. Tun daga lokacin ka daina taɓo ni.

Rana ta biyu ita ce ta birki, kuma ita ce dalilin wannan takarda. Malamin ya tambaya wane birki muke amfani da shi. Kusan kowa ya ce na ƙafa. Kai har da ƙarin bayani, wai birkin gaba ba a taɓa shi, shi ke wuntsila mutum, wani bakanike ma ya ce maka gara a kwance shi. Malamin ya ce wannan magana ta cika makabarta. In aka ja birki, nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, taya za ta kulle ta ja ƙasa tana ƙara, shi kuma yana ci gaba da tafiya zuwa abin da yake gudu. Abin da ke kayar da mutane fizga ne. Birkin gaba matsa shi ake yi a hankali ana ƙarawa, kamar matsar lemon tsami, tare da na baya, babur yana miƙe. A kan yashi ko tsakuwa ko tsakiyar kwana kuwa sai an ninka lallaɓawa.

Ya yi lissafi a allo, ka yi hamma. Ya ce mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma daƙiƙa ɗayan nan ita ce abin da mai hankali a farke yake ɓatawa tsakanin ganin akuya da taɓa birki. Ka ce kai mita ba ta dame ka ba. Sai dattijon nan ya dube ka ya ce, "Alhaji, me kake sayarwa?" Ka ce atamfa da shadda. Ya ce turmi yadi nawa ne? Ka ce shida. Ya ce, "To mita 17 yadi 18 ne. Turmi uku a shimfiɗe ka wuce kafin hannunka ya motsa." Wallahi na ga idonka ya buɗe kamar an ambaci riba. Ya ci gaba: in kana gudun 30 a kan kwalta mai kyau, turmi ɗaya ya ishi birki ya tsayar da kai. In ka ninka gudun ya zama 60, tazarar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi. Turmi huɗu na birki, ga ukun farko, bakwai ke nan. Ka ƙirga da yatsu ka ce, "Yadi arba'in da biyu!" Ka yi shiru. Ina jin a lokacin ka tuna yadda kake manne wa bayan Adaidaita a titin Zariya, tsakaninku ko ɗankwali ba zai shimfiɗu ba.

Maganin wannan, in ji shi, tazarar daƙiƙa biyu ce aƙalla, uku in da hali, fiye da haka in ƙasa ta jiƙe. Ka zaɓi wani abu a bakin hanya, turken wuta ko allo. Motar gabanka na wuce shi ka fara ƙirga, in ka iso kafin ka gama ka matse da yawa. Kowa ya ƙirga yadda ya saba. Kai aka ce ka riƙa cewa naira dubu ɗaya, naira dubu biyu, naira dubu uku, don an san wannan ƙirgar ba za ka taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan darbejiya. Filin nan ya kai girman filin ƙwallo, kuma bishiya ɗaya tak ce a cikinsa, can gefe. An jera mana gwangwanaye mu riƙa saƙa a tsakaninsu. Tun da safe malamin yake nanatawa cewa babur inda ido ya kalla yake zuwa. Ka kalli rami, ka faɗa rami. In kana son kauce wa abu, kalli hanyar da za ka bi ka bar abin. Ya ma nuna mana wani abin mamaki: in gudu ya wuce na tafiyar sannu, mai son kwana hagu hannun hagu yake ɗan turawa gaba, sai babur ya kwanta hagu ya bi. Ka ce wannan tsafi ne. Ya ce duk mai hawan keke yana yi bai san yana yi ba, amfanin sani shi ne ranar da yaro ya faɗo titi ka yi shi da gangan. Ka wuce gwangwani na farko, ka wuce na biyu, ka take na uku, ka ruɗe, ka ɗaga kai ka hango darbejiya. Malamin yana kira, "Alhaji kalli nan! Kalli nan!" Mu goma muna kira. Kai kuwa ka ƙura mata ido kamar mai binka bashi ce ta ɓullo, kana cewa "bishiya, bishiya," har ka je ka same ta. Allah ya sa a giya ta ɗaya kake. Malamin ya ce shekarunsa na koyarwa bai taɓa samun wanda ya tabbatar masa da darasi da kyau irin haka ba.

Da kanka ya bugi reshe, me ka ji? Ƙwal, ka ji a hular kwanon da na ara maka, sannan ka tashi kana karkaɗe riga. Abin da ya sa ke nan nake so mu yi maganar hular kwano, ko da yake na san tsohon miki zan taɓa. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Me mutanenka suka yi? Suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya. Wasu tukunya. Ba ku kaɗai kuka yi ba, amma sunan Kano ne ya fita a kafafen labaran duniya, har BBC. Fasinjoji kuma suka ce ba za su sa hular wani ba, ko don ƙwarƙwata da makero, ko don tsoron an yi mata asiri mutum ya sa ya ɓace. Hukumar da aka kafa tun 1988, Wole Soyinka ya fara shugabantarta, ta zo da doka, Bakano ya tarye ta da abin dama fura.

Malamin bai yi dogon wa'azi ba. Kankana biyu ya sayo. Ya sa ɗaya a ƙwarya, ɗaya a hular kwano ya ɗaure maɗaurin, ya hau benci ya sake su. Ba sai na faɗi sakamako ba, kai ka shanye ta cikin ƙwaryar, bayan ka tambaya ko kuɗinta na cikin kuɗin makaranta. Ya ɓare mana wata tsohuwar hula muka ga cikinta. Ƙoƙon waje yana baza ƙarfin bugu, farin soson da ke ciki kuma shi ke murƙushewa a madadin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hular magina ba ta wadatar ba, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Shi ya sa kuma hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, don haka ka cire ranka daga ta gwanjo da ka ce za ka nema. In ba a ɗaure maɗauri ba, ita za ta riga ka sauka. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha ambatawa sun ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 70. Hukumar ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara.

Ya ba mu labarin wani sojan Ingila, Lawrence, wanda ya yi suna a hamadar Larabawa lokacin yaƙin duniya na farko. Harsashi bai kashe shi ba. A 1935 yana kan babur ya kauce wa yara biyu masu keke, ya faɗi, kansa ba hula, bayan kwana shida ya mutu. Ɗaya daga likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, abin ya tsaya masa a rai, ya shiga bincike, har a 1941 rundunar sojan Ingila ta wajabta wa mahaya babur ɗinta hular kwano. Ka saurara tsaf, sannan ka kawo taka matsalar: ina za ka sa zanna bukar ɗinka, karin zai lalace. Malamar jinya ce ta ba ka amsa. Ta ce, "Alhaji, ka sa ta a jaka. Mu a wurin aikinmu an sha kawo mana hula lafiya lau a leda, mai ita a kan gado."

Da ka ga ba mafita sai ka koma inda kuka saba fakewa. Ka ce ai komai rubutacce ne, in kwana ya ƙare ko hular ƙarfe ka sa sai ka tafi. Malamin ya ce haka ne, babu ja. Sannan ya tambaye ka kwaɗo nawa kake sa wa shagonka in za ka tashi. Ka ce uku, da mai gadi. Ya ce, "Ashe atamfa ba ta cikin ƙaddara." Ban taɓa ganin Bakano ya rasa canji ba sai ranar.

Sauran darussan na rana ta uku a gurguje aka bi, amma biyu sun zauna mini. Na farko babbar mota. In ba ka hango fuskar direban tirela a madubinsa, shi ma bai san an haife ka ba, kuma in zai sha kwana tayoyin baya suna yanko ciki, daidai inda mai babur ke son kutsawa. Duk wanda ya san Kwanar Dangora ya san abin da ake nufi. Na biyu ruwan farko. Bayan watannin rani, ƙura da bakin mai sun kwanta a kwalta, yayyafin farko sai ya dama su su zama kamar miyar kuɓewa. A hazon hunturu kuma a kunna fitila ko da rana, don a gan ka. Ya hana silifas. Ya ce mai babbar riga ya naɗe ta ya zauna a kai, mai goyon iyali kuma ya duba mayafi da bakin hijabi kafin ya tashi. Da ya zo nan sai ya ce ko akwai mai ƙarin bayani a kan babbar riga? Duk aji aka juyo, ban san wanda ya gaya musu ba.

Kada ka ɗauka ina cewa kwana uku sun mai da ni gwani. Har yanzu in na doshi Ƙofar Doka da yamma gabana faɗuwa yake, kuma malamin da kansa ya ce takardar da zai ba mu izinin fara koyo ce. Amma da can ina jin tsoro ban san abin da nake tsoro ba, yanzu na san inda zan sa ido da inda zan sa yatsa. Na kuma san martanin da kake shiryawa. Za ka ce mu ne masu cewa "matata ya zo," ba mu bambance mace da namiji a magana. Na karɓa. Mu dai mun bambance hanya da bishiya.

Ga sakamakon jarrabawa, tunda ka gudu kafin a kafe. Malama ce ta ɗaya. Ni na bakwai, kuma na gode Allah. Kai ka ci duba babur, ka ci ƙirgar tazara da maki cikakke, ka faɗi a saƙar gwangwani da tsayawar gaggawa, domin da aka ɗaga tuta ka rufe ido ka sauke ƙafafu biyu kana jan ƙasa da takalmi. Malamin ya ce ka dawo ranar Asabar ƙarfe takwas, ba zai karɓi ko sisi ba. Na san wannan kalma ta ƙarshe ita za ta kawo ka.

Ka zo a motar haya, kada ka hau Boxer ɗin nan zuwa Zariya. Kafin ka taso ka buɗe durowa ka mayar masa da madubansa, ka cire ledar kujera, santsi take sa ka. Hular kwanon da na ara maka ka tafi da ita, ka riƙe, na yafe, amma ka sayi ta uwargida sabuwa, kuma autan nan ka karɓe masa makulli sai ya kai sha takwas. Kuɗin sharar bana kuwa kada ka sa rai in watan cika-ciki ya kama, na cire su a cikon kuɗin makarantar da na yi maka, har ma kai ake bi naira ɗari biyar. Ka taho da ita, da gurasa.